Gem Ɗin Injiniya Yana Ƙamshin Man Zafi

A waya nake rubuta muku wannan, da babban yatsa ɗaya, a cikin mota, don haka in kun ga kuskure ku wuce kawai. Tun safe na kasa zama wuri guda. Na goge kanta, na sake gogewa, na jera cajoji bisa launi, na wargaza na sake jerawa bisa tsawo, har Oga ya leƙo daga ofishinsa ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ƙarya nake yi, kuma masu bibiyata sun san magana ba ta iya kwana a cikina.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana, har Oga. Ina aiki a shagon wayoyi da gem a hawa na biyu na wata filaza. Ni nake zuba wa mutane wasanni a irin gem ɗin nan na hannu, mai sikirin a tsakiya da maɓallai hagu da dama. Aikin ba wuya, sai dai takaici. Duk wanda ya shigo, ƙwallo. In ba ƙwallo ba, tseren mota. In ba tsere ba, a ba shi na harbe-harbe. Ni kuwa raina yana wajen ƙananan wasannin da ba wanda ya san da zamansu, irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu suka zauna a ɗaki suka ƙirƙira, ba talla, ba hayaniya. In na ce wa kwastoma ya gwada ɗaya, sai ya kalle ni kamar na miƙa masa magani mai ɗaci.

A haka Injiniya ya shigo rayuwata. Aikinsa kafa sola a rufin gidaje, ranar ma da kayan aiki ya zo, riga mai aljihu barkatai da takalmi mai nauyi. Ya sayi gem, na ɗauko waya zan zuba masa ƙwallo tun kafin ya buɗe baki, sai ya ce, "Malama, ina son wasa mai sanyi. Wanda ba a gudu, ba a kashe kowa, kuma in mutum ya yi jinkiri ba za a hukunta shi ba."

Na ɗago na kalle shi da kyau. Na ce, "Ashe dai akwai maza masu hankali a duniya."

Ya yi murmushi bai ce komai ba. Ku riƙe wannan shirun nasa, zan dawo kansa.

Sunayen wasannin nan masu karya harshe ne, ni nake raɗa musu nawa. Na farko da na zuba masa shi ne wasan mai faci. Kana da ɗan shago, mutane suna kawo maka tufafin da suka yage, kana ɗinkewa a hankali suna ba ka labarin yadda abin ya yage. Shi ke nan wasan. In kuna da gem ku nemi irinsa, amma ku tanadi hankici. Ba a jima ba saƙonsa ya shigo wayar shago:

"Mutumin da ya kawo rigar matarsa da ta rasu, ba faci yake so ba. So yake wani ya taɓa rigar ya ce tana da kyau."

Na karanta a tsaye, na nemi kujera na sake karantawa a zaune. Na buga wasan nan har ƙarshe amma ban taɓa ganin haka ba. A ranar na ba shi lambata ta kaina, ni da ko ɗan ajinmu ba na ba lamba.

Daga nan muka ɗora. In zaɓa masa wasa, ya buga, ya turo mini abin da ya gani. Na ba shi wasan kunkuru mai kai saƙo, wanda kake ɗaukar wasiƙa daga wannan gari zuwa wancan da tafiyar kunkuru, kafin ka isa wanda aka aika wa ya tashi daga gidan, ko ya yi aure, ko ya huce daga fushin da aka aiko ba shi haƙuri a kai. Ni dariya kawai wasan yake ba ni. Shi kuwa ya rubuto, "Kunkurun nan yana iya ƙoƙarinsa. Masu aiken ne suke jira sai abu ya lalace kafin su yi magana." Wata rana ma har cewa ya yi wanda ya ƙirƙiri wasan faci ya san ɗinki, don sai an ninke bakin yadi ciki kafin a ɗora zare. Na ce a raina, mai sola da sanin ninkin yadi, wannan wane irin mutum ne Allah ya jefo mini? Ban tsaya na yi tunani ba. So ya riga ya rufe mini ido.

Amma wanda ya gama da ni shi ne wasan kwalekwale. Kai ne mai fito, kana tsallakar da mutane kogi cikin hazo. Akwai wata mata da take tsaye a bakin ruwa da ƙullin kaya, kullum tana nan, ba ta shiga, ba ta magana. Na yi duk dabarar duniya a kanta. Na matsa kusa, na ja baya, na buga ƙararrawa, na kawo mata fasinja ko za ta bi su. A ƙarshe na yanke cewa ado ce kawai aka ajiye. Sai ga saƙon Injiniya, gajere, ba irin nasa na kullum ba:

"Matar nan ta shiga. In kika tsaya a gabanta kika ajiye hannunki ba ki danna komai ba, za ta shigo da kanta."

Na gwada. Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa, na zauna na ɗora gem a cinya ina cizon leɓe. Can sai matar ta ɗauki ƙullinta ta taka cikin kwalekwale ta zauna. Wallahi sai da na yi hawaye. Na ce wanda ya iya jira irin wannan, shi zai iya zama da mai rawar kai irina. Tun daga ranar, a zuciyata na gama amsa masa.

A gida kuwa wuta ake hura mini. Injiniya ya fara zuwa gaishe da Abba, ya gyara mana fitilar tsakar gida da ta daɗe tana kashe ido, ya duba wa Umma firji. Yau da safe ina gaban madubi, na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, ina fama da mayafi ya ƙi zama, Umma ta shigo ta zauna a bakin gado. In Umma ta zauna a bakin gado da safe, to akwai magana.

"Abbanki ya ce yau da yamma yana son amsa. Ko yaron nan ya turo manyansa, ko ki sallame shi ya san inda dare ya yi masa. Ba a ajiye ɗan mutane a ƙofar gida ana ta danne-danne."

"Umma ba danne-danne ba ne."

"To mene ne? Ni abin da yake damuna ke nan da shi. Yaro mai hankali, mai sana'a, amma a ce ƙato da shi ya zauna yana wasan yara. Ke mun saba da taki."

Yaya, babbar yayarmu da ta biyo ta ajiye wa Umma saƙo kafin ta wuce aiki, ta leƙo da kai ta ce, "Umma ki bar su, in sun yi aure sai a sa musu caja biyu a ɗaki, an gama kayan ɗaki."

Na murguɗa mata baki, na ɗauki jakata ina dariya. Amsata tana bakina, so nake kawai in ja musu aji zuwa yamma.

Jiya Injiniya ya ajiye gem ɗinsa a shago ba na nan, ya bar wa Oga saƙo cewa abin murzawa na hagu yana tafiya da kansa. Wannan ne karo na farko da gem ɗin ya dawo hannuna tun ranar da ya saya, don sauran wasannin ta waya nake faɗa masa, ya sauke da kansa. Yau ina isa shago na ciro shi daga aljihun kanta da ɗokina, kamar wadda aka ba wasiƙa.

Ƙamshi ne ya fara dukana. Man zafi, irin wanda ake shafa wa gwiwa da kafaɗa. Na ce to, mai hawa rufi ne, jiki da jini. Na juya shi. Maɓallan hagu sun goge har suna sheƙi, na dama kuwa kamar yau aka ɓare su daga kwali. Na kunna. Rubutun ya cika sikirin, an ƙara girmansa har ƙarshen abin da saiti zai iya. Injiniyan da yake hango ƙaramin rubutun jikin batir daga ƙofar shago? Na shiga saiti. An kwashe aikin maɓallan dama gaba ɗaya an mayar hagu. Wanda yake buga gem ɗin nan da hannu ɗaya yake bugawa, kuma ba ya gani sosai. Injiniya hannu biyu gare shi, na ga yadda yake ɗaukar tsani.

To wa nake zaɓa wa wasanni duk wannan lokacin? Wa yake rubuto mini maganganun da nake karantawa har in haddace?

Na canza abin murzawar, aikin da ba ya ɗaukar lokaci, amma sau biyu ƙaramin noti yana suɓuce mini. Na ɗauki waya na rubuta masa, "Ina da tambaya," na goge. Na rubuta, "Kai maƙaryaci ne," na goge. In na tambaye shi ta waya, wa ya san wanda zai amsa? Sai na kira Yaya, don mijinta ya riga ya yi wa Abba binciken gidansu.

"Kwatanta mini gidan su Injiniya."

"Auta, me za ki je yi? Ki rufa mana asiri."

"Kaya zan kai daga shago."

"Shagon naku yaushe ya fara kai kaya gida?"

"Yau."

Na sa gem a ledar shago mai tambari, na ce wa Oga zan je in dawo, na tari tasi. A hanya na gyara mayafi ya fi a ƙirga. Gida ne madaidaici mai koren ƙyaure, rufinsa shimfiɗe da sola kamar ana tallarta. Wata dattijuwa mai kula da gidan ta buɗe, na ce daga shagon gem aka aiko ni. Ba ta ma tambayi wa nake nema ba, ta juya ta ce, "Hajiya, ga abin naki an kawo."

Falon ƙarami ne, tsaf da shi. Labule fari, darduma mai laushi, keken ɗinki a kusurwa an lulluɓe shi da zane, a kansa gwangwanin zare da almakashi. Kusa da taga wata tsohuwa tana zaune a kujera mai hannu, da tabarau mai kauri, hannunta na dama yana kwance a kan matashi, yatsun a lanƙwashe. Ƙamshin man zafi ya cika ɗakin. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki.

"Jiki alhamdu lillahi. An gyara? Miƙo 'yar nan, miƙo. Kunkuruna yana can tsakiyar gada tun shekaranjiya, da wasiƙar mutane a bayansa."

Ta karɓa da hagu, ta kafa shi a kan matashi, ta tokare da hannun da ba ya motsi, babban yatsanta ya hau maɓalli kamar ya shekara yana yi. Sannan ta ɗago ta leƙa fuskata ta saman tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Ke ce Auta."

Na sunkuyar da kai.

"Ikon Allah. Matso nan in gan ki. Ke ce kike zaɓo mini abubuwan nan? Tun da ɓarin jikina ya shanye na ajiye keke, ba abin da nake yi sai kallon bango. Likita ya ce a samo mini abin da zai riƙa motsa yatsu da ƙwaƙwalwa, yaron nan ya je ya kawo wannan. Na ce ni da girmana? Sai ga ni a shagon faci." Ta yi dariya har tabarau ya zame. "Yana dai kai miki saƙona ko? Kullum in na gama sai in ce rubuta wa 'yar nan kaza da kaza, ka ce in ji ni. Na mai rigar matarsa ya kai miki?"

Na ce, "Ya kai, Hajiya. Duka ya kai."

Ban ce mata ya cire "in ji Hajiya" ba. Ta yaya zan faɗa wa wannan fuskar? Zuciyata tana tafasa, kuma a lokaci guda ji nake kamar in ɗora kaina a cinyarta. Duk maganar da ta sa na ce na samu wanda ya fahimce ni, ga mai ita a zaune da zare a gefenta. Umma tana can tana jin haushin ƙato mai wasan yara, ashe sa'arta ce take yi.

Abu ɗaya ya rage mini, kuma tsoron tambayarsa nake. Na ce, "Hajiya, na kwalekwale fa? Matar bakin ruwa. Yaya aka yi kuka gane jira ake yi?"

Ta yatsine fuska. "Wannan na ruwan? Ai ina buɗe shi kaina ya fara juyawa, na ce ya ɗauke mini. Ban buga ko kaɗan ba. Shi ne ya zauna nan ƙasa ya yi ta fama da shi, wai kada ki ce an raina zaɓinki."

Kafin in san abin da zan yi da wannan maganar, aka yi sallama. Injiniya ne, ya dawo duba ta kamar yadda ashe yake yi kullum da rana. Ya gan ni, ya ga gem a hannun mahaifiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a cire. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba.

Na yi wa Hajiya sallama. Ta riƙe mini hannu da hagunta mai ƙarfi ta ce, "Na kusa gama kunkuru. Wanne za ki zaɓo mini na gaba?"

Na ce zan duba.

Ya biyo ni waje har gefen motarsa, tsohuwar mota da tsani ɗaure a samanta. Na juyo.

"Maganganun mahaifiyarka ka riƙa turo mini da sunanka."

"Haka ne."

"Ba za ka ma musa ba?"

"Me zan musa? Ranar farko na zo in ce na Hajiya ne. Sai kika ce ashe akwai maza masu hankali, fuskarki ta yi haske. Na ce gobe zan gyara. Goben ta yi ta gudu."

"Yau da yamma Abba yake jiran amsata. Ka sani?"

"Na sani."

"Kuma da haka za ka bari in amsa? In auri bakin Hajiya in tarar da kai a ciki?"

Ya hau murza makullin motarsa. Haushi ya ƙara kama ni, don ni in ina faɗa so nake a mayar mini. Na ce, "Na kwalekwale dai naka ne. Ta faɗa mini. Wannan kaɗai nake da shi naka, kuma a kansa na yanke shawara. Faɗa mini yadda ka gane."

Ga ƙofa na buɗe masa da hannuna. Da ya ce tunani ya yi, da ya ce haƙuri halinsa ne, wallahi da na karɓa da gudu, don so nake a ba ni dalili. Ya kalli ƙasa, ya kalle ni.

"Ban san maɓallin tuƙi ba ne."

"Me?"

"Na mayar wa Hajiya komai hagu, na manta inda na sa na tuƙi. Na danna duk abin dannawa, kwalekwale ya ƙi motsi. Na ji kunyar tambayarki. Sai na ajiye shi a cinya ina tunanin abin da zan ce miki. Da na ɗago, matar ta shiga."

Dariya ta taso mini tare da kuka, na danne su duka. Mutumin da na ɗauka sarkin haƙuri, ashe tuƙi ne bai iya ba.

"Me ya sa ka faɗa mini? Da ka yi shiru ai ka tsira."

"Na gaji da aron baki. In za ki ce a'a, gara ki ce da ni, ba da wani da na ƙirƙira ba. Ni ban iya magana irin ta Hajiya ba, Auta. Wayar wuta na iya ja, da hawa rufi. Kuma ina son ki. Wannan ba wanda ya ce in faɗa."

Ya ce zai mayar da ni, na ce ba na so, tasi zan hau. Bai roƙe ni ba. Ya shiga mota ya zauna, ya ɗora hannuwansa biyu a cinya, bai kunna ba. Na tsaya a bakin titi da jakata. Tasi ta zo ta rage gudu, na kau da kai. Wata ta zo ta yi hon, na yi kamar ina duba waya. Na saci kallonsa, yana nan yadda yake, ko madubi bai taɓa ba. Na ce a raina, wannan karon ya san inda makulli yake, a hannunsa ma yake. Rana tana dukana, ƙafata tana zafi cikin takalmi, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina tuna tsohuwar da take jiran in zaɓo mata na gaba.

Ƙofar baya na buɗe, ba ta gaba ba. Na ture wani naɗin waya gefe na zauna.

"Gida za ka kai ni, ba shago ba. Kuma kada ka yi mini magana."

Bai yi ba. Daga nan kujerar baya nake rubuta muku, ina kallon ƙeyarsa. Mun shigo layinmu, ga Abba can a ƙofar gida a kan kujerarsa, ya hango motar ya ninke jarida. Injiniya ya tsaya, ya kashe mota, ya mayar da hannuwansa cinya.